Yadda Ake Gina Zakara: Carlos Alcaraz da Yaran Bakin Iyaka

Ranar Lahadi 8 ga Yuni, 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, mu muna nan muna fama da suyar nama, wasu samari biyu suka shafe awa 5 da minti 29 suna dukan ƙwallon tanis a birnin Paris. Wasan ƙarshe ne na gasar Roland Garros. Jannik Sinner ɗan Italiya ya ci turmi biyu na farko, a turmi na huɗu kuma ya kai inda maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗaga kofi, ga shi da dama uku a jere. Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya ya ƙwace dukan ukun, ya ci wannan turmi, ya ci na biyar, ya tafi da kofin. Ba a taɓa yin wasan ƙarshe mai tsawon wannan ba a tarihin gasar. A ranar shekarun Alcaraz 22 da wata ɗaya.

In ka tsaya a Magama ta Jibiya, inda motocin Maraɗi ke jiran a duba takardunsu, ka ce wa samarin wurin Sifaniya, abin da za su amsa maka shi ne Real Madrid da Barcelona. Tanis ba ya cikin hirar mai shayi, gidajen kallon ƙwallo ma ba sa ɓata man janareta a kansa. Duk da haka ina ganin labarin wannan yaro ya shafi Jibiya fiye da yadda ake zato, domin duk wanda ya bi shi daki-daki zai ga abubuwan da ake haɗawa kafin a samu zakara, ya kuma gane wanne muke da shi, wanne muka rasa, wanne kuma muka taɓa riƙewa muka saki.

An haifi Alcaraz ranar 5 ga Mayu, 2003, a El Palmar, wani gari da ke gefen birnin Murcia a kudu maso gabashin Sifaniya. Masu karatun tarihin Andalus sun san Murcia: sarkin Musulmi Abdurrahman na Biyu ne ya kafa ta a shekarar 825, a can kuma aka haifi Ibn Arabi a 1165. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, noman rani ne ke riƙe da ita. Mahaifin yaron, shi ma sunansa Carlos, ya buga tanis da kyau a ƙuruciyarsa, amma rashin kuɗin yawon gasa ya tsayar da shi, sai ya koma koyar da wasan a kulob ɗin garinsu. A wannan fili ɗansa ya tashi. Yana ɗan shekara 4 ya fara riƙe raket, in an tashi daga makaranta can ya nufa, in manya sun cika filayen sai ya koma jikin bango yana bugawa shi kaɗai.

Mutane kan tsaya a nan su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki, amma uban nan fa yana da baiwa shi ma, kuma bai kai ko'ina ba. Abin da ya bambanta ɗan da uban shi ne mutanen da suka tare shi a hanya. Tun yana kusan shekara 10 wani kamfanin kayan zaƙi na yankinsu, Postres Reina, ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyensa zuwa gasannin yara, abin da gidansu ba zai iya ba. Yana ɗan shekara 11 wani wakilin 'yan wasa, Albert Molina, ya gan shi ya ƙi barinsa. Molina ne ya yi ta bin Juan Carlos Ferrero har ya yarda ya karɓi yaron a 2018. Ferrero ba ƙaramin mutum ba ne: shi ya ci Roland Garros a 2003, shekarar da aka haifi Alcaraz, ya kuma hau matsayi na ɗaya a duniya a wannan shekara. Yana iya samun manyan 'yan wasa masu biyan kuɗi da yawa, amma ya zaɓi ɗan shekara 15 wanda ba a san shi ba. Yaron ya bar gida ya koma makarantar tanis ta Ferrero a Villena, inda ake da mai kula da abincinsa, da mai gina masa jiki, da likita, da abokan bugu da suka fi shi ƙarfi.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A Fabrairun 2020, yana ɗan shekara 16, ya ci wasansa na farko a babban rukunin ƙwararru a Rio de Janeiro. A Yulin 2021 ya ɗaga kofinsa na farko a Umag ta ƙasar Kuroshiya. A Mayun 2022, a Madrid, ya kayar da Rafael Nadal, kashegari ya kayar da Novak Djokovic, abin da ba wanda ya taɓa yi wa mutanen nan biyu a jere a filin jar ƙasa. A watan Satumba na shekarar ya ci US Open a New York, bayan ya wuce Sinner a wani wasa da sai ƙarfe 2:50 na dare aka tashi, ya gama da Casper Ruud a wasan ƙarshe. Yana ɗan shekara 19 ya zama na ɗaya a duniya, mafi ƙarancin shekaru tun da aka fara wannan lissafi a 1973.

Manyan gasannin tanis huɗu ne a shekara: ta Ostareliya da ta Amurka a kan daɓe ake yin su, ta Faransa, wato Roland Garros, a kan jar ƙasa, Wimbledon ta Ingila a kan ciyawa. Kowane fili da halinsa. Jar ƙasa tana rage wa ƙwallo gudu, tana ɗaga ta sama, sai mai haƙuri da dogon numfashi. Ciyawa kuwa ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa, ba ta ba ka lokacin tunani. 'Yan Sifaniya a jar ƙasa suka fi tashi, shi ya sa aka yi mamakin abin da ya faru ranar 16 ga Yuli, 2023, lokacin da Alcaraz ya kayar da Djokovic a turmi biyar a wasan ƙarshe na Wimbledon, a filin da Djokovic ya yi shekara 10 ba a ci shi ba. Makonni biyar kafin wannan, a Paris, tsoron Djokovic ɗin da nauyin ranar sun sa jijiyoyinsa sun ɗaɗɗaure a tsakiyar wasa har ya kasa gudu, shi da bakinsa ya faɗi haka. Wannan ne wurin da na fi jinjina masa: an ga gazawarsa a bainar jama'a, ya koma ya gyara, ya dawo cikin makonni biyar ya fuskanci mutumin da ya firgita shi. A 2024 ya ci Roland Garros da Wimbledon, ya samu azurfa a gasar Olamfik ta Paris. A 2025, bayan wancan dogon wasa, Sinner ya rama a Wimbledon, shi kuma ya sake karɓe US Open. Zuwa ƙarshen 2025 yana da manyan kofuna 6, kuma shi da Sinner ne suka raba dukan takwas ɗin 2024 da 2025 a tsakaninsu.

Abin da ya sa 'yan kallo ke sonsa ya wuce kofi. Yana da ƙarfin hannu, amma makaminsa da aka fi sani shi ne ya ɗaga raket kamar zai zabga, abokin karawa ya ja da baya, sai ya saki ƙwallon a hankali ta faɗi gindin raga. Wannan dabara ta yaron da ya yi shekaru yana wasa a fili ba don horo ba, don jin daɗi. Ba a koyar da ita a wata shida.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya ci US Open a 2025 ya tafi da dala miliyan 5. Wannan adadi yana ruɗar mutane. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da kulob mai biyansa albashi, mai yi masa magani, mai saya masa tikitin jirgi. Ɗan tanis shi ne kulob ɗin kansa: shi ke biyan koci, da masauki, da jirgi, da igiyar raket da ke tsinkewa kullum, in an fitar da shi a zagayen farko ya koma gida da hasara. Matsayi a duniya kuma da maki ake samunsa, makin sai a gasannin da hukumar tanis ta duniya ta amince da su, waɗanda galibinsu a Turai da Amurka suke. Yaro na iya cinye kowa a ƙasarsa amma sunansa bai shiga lissafi ba. Shekarun da ke tsakanin 12 da 20 su ne ramin da mafi yawan masu baiwa ke faɗawa, domin ana kashewa ba a samu. Mahaifin Alcaraz a nan ya faɗa.

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne. To ga na 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma. Iyayen Frances Tiafoe 'yan Saliyo ne da suka koma Amurka a shekarun yaƙin basasar ƙasarsu. Uban leburanci ya yi a ginin wata cibiyar tanis a College Park ta jihar Maryland a 1999, da aka gama aka bar shi yana kula da wurin. Uwar ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, don haka Frances da ɗan tagwaicinsa a wani ɗan ɗaki na cibiyar suke kwana mafi yawan mako, shekara da shekaru. Yaron ya tashi yana kallon darasin da ake koya wa 'ya'yan masu kuɗi, yana kwaikwaya a jikin bango, har wani koci mai suna Misha Kouznetsov ya lura da shi. A 2013, yana ɗan shekara 15, ya ci Orange Bowl, ɗaya daga manyan gasannin matasa na duniya. A 2022 ya kayar da Nadal a US Open, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Alcaraz ya sha da ƙyar a hannunsa a turmi biyar. Ons Jabeur ta Tunisiya, Musulma 'yar Afirka da ta kai matsayi na biyu a duniya a 2022, ta kuma buga wasan ƙarshe na Wimbledon sau biyu, mahaifiyarta ce ta kai ta fili tana 'yar shekara 3, a filayen otal-otal na bakin teku ta yi horon ƙuruciyarta. Ɗan koci, ɗan mai gadi, 'yar matar da ke son wasan: dukansu fili na kusa da inda suke kwana, akwai babban da ya gan su, akwai wanda ya biya kuɗin hanya.

Najeriya ma ta taɓa ɗanɗana wannan. Nduka Odizor yaron tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin Ikoyi a Legas, wani malamin jami'a Ba'amurke, Robert Wren, ya ɗauki nauyinsa zuwa Houston. A 1983 ya kayar da Guillermo Vilas a Wimbledon ya kai zagaye na huɗu, a 1984 ya hau matsayi na 52 a duniya. Da aka mayar da tanis cikin gasar Olamfik a Seoul a 1988, Najeriya ta je da Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi. Ɗan Tony, Michael Mmoh, an haife shi a Riyadh a 1998, ya yi horo a Florida, ya shiga cikin ɗari na farko a duniya, amma tutar Amurka yake ɗauka. Ban ga laifinsa ba, inda aka raine shi nan ya tsaya.

Akwai wani abin tarihi da ya haɗa tanis da ranar baƙin cikin Arewa. A Fabrairun 1976 ana tsakiyar wata babbar gasar ƙwararru a Legas aka kashe Janar Murtala Muhammad, ranar 13 ga watan. Bayan kwana uku, Arthur Ashe, baƙar fatan da ya ci Wimbledon a 1975, yana cikin wasa sojoji suka shigo fili da bindiga suka kore shi da 'yan kallo. Wannan Ashe ɗin shi ne ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a Yawunde ta Kamaru a 1971, ya sa hukumar tanis ta Faransa ta ɗauke shi. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci Roland Garros a 1983. Ziyara ɗaya ta fitar da zakara, rana ɗaya ta tashin hankali kuma ta kori manyan baƙi daga fili.

Wannan ya kawo mu Jibiya. Yaron Murcia in ya gagari sa'o'insa, mota kawai zai shiga ya tsallaka Faransa, ba mai tambayarsa biza. A garin Tarbes ake yin babbar gasar 'yan ƙasa da shekara 14, wadda Nadal ya ci a 2000. Yaron Jibiya ma yana da wata ƙasa a bayan gidansu. Daga Magama zuwa Dan Isa zuwa Maraɗi ba nisa, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta fito. Amma an rufe iyakar a Agustan 2019 sai Afrilun 2022 aka buɗe ta Jibiya, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Kullum in ana lissafin hasarar rufe iyaka, shinkafa da dabbobi da mai ake ambata. Ba a lissafa wasannin makarantu da ba a yi ba, da ƙananan 'yan kasuwar da suka karye, waɗanda a cikinsu ne ake samun irin mutumin da zai ce wannan yaro ni zan biya masa kuɗin mota. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai bi. In ya tabbata, Kano da Katsina da Maraɗi sun zama unguwa ɗaya ga yaro mai jakar raket.

Na san abin da mai karatu na Jibiya zai ce, kuma yana da hujja. Garin da ya ga mutanen Shimfiɗa da ƙauyukan daji sun kwararo da kayansu a ka a 2022, suna kwana a ajujuwan makaranta, garin da manomi ke tsoron gonarsa, wa zai zo masa da zancen tanis? Ba na cewa a bar tsaro ko abinci a gina filin wasa, ba kuma na yi wa kowa alkawarin Alcaraz daga bakin iyaka. Ko a Sifaniya mai dubban filaye, irinsa sai a jima ba a samu ba. Amma yaran da aka raba da ƙauyukansu suna nan, suna da yammaci mai tsawo da ba abin yi, kuma mun san masu zuwa su cika musu wannan lokaci in mu ba mu cika ba. A ƙasa da zakara akwai matakai masu yawa da ke ciyar da gida: koci, alƙalin wasa, mai ɗaure raket, da gurbin karatu kyauta a jami'a. Ta wannan hanya Odizor ya yi karatu, Sadiq Abdullahi kuma ya kai ga digirin digirgir yana koyarwa a Florida. Maƙwabtanmu ma sun nuna Sahel na iya fitar da gwanin duniya a wasan mutum ɗaya: Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a takwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa yana cikin tarihin Katsina kanta. A shekarun 1920 wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ya kawo wasan fayis, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Wasa ne na 'ya'yan manya a Ingila, amma a nan aka gina bangonsa da ƙasa, aka buga shi da ƙwallon tanis, ya kama a Katsina da Birnin Kabi da Sakkwato har ya zama namu. Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi, har yau ana gasa da sunansa. Folo ma haka: Sarki Muhammadu Dikko ya kawo shi, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje. Ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe ba ya karɓar baƙon wasa. Fayis ya kama ne domin an sa shi a makaranta, da araha, kuma manya suna shiga fili yara na kallo. Yaron da ya saba karanta tashin ƙwallon tanis daga bango ya riga ya mallaki ido da ƙafar da Alcaraz da Tiafoe suka fara da su. Raket kawai ya rage a sa masa a hannu.

Matakin sama ma bai ɓace gaba ɗaya ba. Gasar Dala ta Kano ta haura shekara 30 tana tara manyan 'yan tanis na ƙasar nan, Kaduna na da tata al'adar ta filin jar ƙasa. Abin da babu shi ne tsanin da zai ɗauko yaro daga firamare a Jibiya ko Batsari ko Ƙaita ya kai shi can. Tunisiya da Masar sun gane wannan ta wani ɓangaren: a Monastir da Sharm el-Sheikh kusan kowane mako ana ƙananan gasanni masu ba da maki, don haka 'ya'yansu na shiga lissafin duniya ba tare da neman bizar Turai ba.

Filin tanis tsawonsa bai kai mita 24 ba, faɗinsa kusan mita 11, da ɗan sarari a kewaye. Daɓen siminti ne da raga da fenti, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko attajiri ɗaya na kasuwar Jibiya ba, bangon bugu kuwa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta iya gina shi. A makaranta ya kamata a sa shi, har da ta 'yan mata, inda iyaye za su natsu, a tura malamin motsa jiki ɗaya ya koyo wasan a Kano ko Kaduna. Ƙwallayen da manya suka gama da su a kulob-kulob na birane suna da sauran amfani na watanni a hannun masu koyo. Su kuma kulob ɗin, da ke cike da manyan ma'aikata da hafsoshi da yamma, filayensu a kulle suke tun hantsi har la'asar. A ware awa biyu a rana ga yaran da ke tsintar musu ƙwallo da 'ya'yan masu gadinsu, a rubuta sunan duk wanda ya nuna alama, a samu mutum ɗaya da zai ɗauki kuɗin motarsa zuwa gasar yara har shekara biyar, ba sau ɗaya don hoto ba.